Ajin da Ba a Rufe Ƙofarsa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, 'ya'yana, ku matso. Kun ce daga sati mai zuwa kuna so ku karɓi ajin safe don ku rage mini nauyi. Na gode, Allah ya yi muku albarka. Amma jiya ina wanke kofuna na ji Sumayya tana gaya muku cewa koyar da ƙananan yara ba wani aiki ba ne, baƙaƙe ne da ƙirge, duk wanda ya iya karatu zai iya. Ta ce a jami'a sun karanta masanan Turai na zamanin da. Wasu sun ce yaro farar takarda ne, abin da ka rubuta shi zai zauna. Wasu sun ce da kirkinsa ake haifarsa, jama'a ce ke ɓata shi, don haka a sake shi ya tashi da 'yancinsa. Ni ban karanta su ba, Sumayya, ba kuma raina su nake ba. Ina dai so in san ko akwai ɗayansu da ya taɓa tsayawa a ɗaki guda da yara ashirin da uku, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, rabinsu ba su karya ba, kuma ba ko ɗaya da sunansa yake cikin wata takarda a duniya. Ni na tsaya, shekara arba'in da ɗoriya. Bari in gaya muku yadda aikin yake, in kun ji kuna iyawa, bismillah.

A unguwar Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taho aikin Hajji a ƙafa daga ƙasar Haɗeja, bai koma ba. Na yi makarantar gwamnati har aji biyar. Da mahaifina ya rasu, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ba wanda zai sabunta, sai aka kira ni ofis aka miƙo mini fayil ɗina aka ce in gaida gida. Sai bayan na yi aure takarduna suka gyaru, lokacin kuwa makaranta ta wuce ni. A tsakanin nan ne na faɗa hannun Abla Maimuna, Abla wato malama, wata dattijuwa a lungunmu mai tabarau kamar gindin kwalba, wadda take tara yaran da ba su da takarda a ɗakinta tana koya musu karatu. Ina da shekara goma sha shida na je na ce mata ina so in koyar. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini reza.

Aikina na farko fiƙe fensir. Kowane fensir a yanka shi uku, a fiƙe, kada bakin ya yi tsini da yawa don yara na tsokane wa juna ido, kada ya yi dakushi don rubutun ya fita. Littafin rubutu a raba shi biyu da wuƙa a ɗinke tsakiya da zare. Shekara guda cur ban taɓa alli ba. Da na fara gunaguni, sai ta ba ni aiki na biyu, wanda ya fi na farko ban haushi. Kullum da safe za ta nuna mini yaro ɗaya ta ce in zauna a baya in kalle shi har azahar, kada in yi magana. In an tashi sai ta tambaye ni: da wane hannu ya fara ɗaukar fensir, yaushe ya daina saurare, wa yake kallo in an tambaye shi, ya ci abinci ko bai ci ba. In na ce ban lura ba, gobe ma shi zan kalla. Na ɗauka wulaƙanci ne. Ashe sana'ar ke nan gaba ɗaya, sauran duk ƙari ne.

Ranar da ta fara bar mini aji, na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Wata yarinya Hauwa'u ta kasa bambanta bakwai da takwas a lambobin Larabci, wannan bakinsa sama, wancan bakinsa ƙasa. Na maimaita sau biyar, ta ci gaba da faɗar abin da ta ga dama. Na ɗauki rula na zuba mata a hannu. Abla Maimuna tana zaune tana kallo. Ta tashi ta kamo yarinyar daga layin baya ta kawo ta gaban allo, har hancinta ya kusa taɓa shi, ta nuna. Hauwa'u ta faɗa daidai. Ta sake nunawa, ta sake faɗa daidai. Yarinyar ba ta gani daga nesa ne kawai. Da aka tashi Abla ta ce da ni, "Rabi, duk ranar da hannunki ya tashi, ki sani kanki ne ya gaji, ba na yaron ba." Tun daga ranar ban sake dukan ɗan kowa ba, kuma duk wadda ta ɗaga hannu a ajin nan, ranar ce ta ƙarshe gare ta.

Kayan aiki kuwa, kada ku ga farin allon nan na zamani ku ɗauka da shi aka fara. Allona na farko ƙofar wata tsohuwar sif ce da aka jefar a bola, na goge ta na shafa mata baƙin fenti sau uku. Ga gwangwanin ƙwallon dabino can, da su ake ƙirge, don yaro sai ya riƙe goma a hannunsa kafin ya yarda akwai goma. Littattafan karatu ba mu da su, sai kwalin madara, da takardar da ke cikin kwalin magani, da rubutun jikin motar haya, da allunan kan titi da nake kwafowa. Da gangan nake yi. Yaron da zai bi uwarsa asibiti yana bukatar ya san bambancin sau uku a rana da sau ɗaya a kwana uku tun kafin ya san labarin zomo da kunkuru. Yaran ba sa zuwa da jakar makaranta, a ledar kanti suke sako littafi, su shigo bibbiyu, kamar an aike su. Ƙofa kuma a rufe take ruf, don kada hayaniya ta fita ta jawo ido. Haka na gada, haka na yi shekara da shekaru bayan Abla Maimuna ta rasu na kama nawa ɗakin.

Masu kawo mana yara, kun san su. Mata masu aikatau a gidajen arewacin gari, masu kasa turare da gyaɗa a bakin kasuwa, masu tsintar kwali, maza masu wankin mota. Kowa da abin da yake so. Wata ta ce ita dai 'yarta ta iya karanta saƙon uwar ɗakinta a waya, halas, shi ke nan. Wani ya ce a dage da Turanci don wata rana Kano za a koma. Mutanen Nijar su ce ina Faransanci. Yaron kuma ka yi masa Hausa ya amsa da Larabci. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuya shi ne uwar da za ta kawo ɗanta ta ce, a gabansa, wannan ba ya ji, haka Allah ya yi shi, ki dai gwada. Ta riga ta yanke masa hukunci, so take ki sa hannu.

Haka Dije ta kawo mini Safiya. Dije ta zo umara ne daga Maraɗi ta zauna, an kama mijinta an mayar da shi gida tana da ciki, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Aikatau take yi, ta fita bayan asuba ta dawo bayan magariba. Yarinyar shekararta takwas, siririya, idanu kamar na mage. Dije ta ce an kori yarinyar daga wurin malamai biyu tun ranar farko, ɓarauniya ce, tana cizo. Na ce ta bar ta. Ina mayar da ƙofa na sa sakata, yarinyar nan ta kwarma ihun da ban taɓa jin irinsa ba, ta yi kan ƙofar tana duka da kai. Na riƙe ta, ta kafa mini haƙora a nan, ga tabon. Kafin sati ya ƙare ta kwashe burodin yara uku, da abin goge rubutu, da takalmi ƙafa ɗaya. In an tambaye ta ba ta musu, ba ta kuma jin kunya. Da ta buɗe baki kuwa, Larabcin littafi ne zalla irin na katun ɗin yara a talabijin, ba Larabcin titi ba, ba Hausa ba.

Wannan Larabcin ne ya sa na je gidansu ranar Juma'a. Ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene, ba taga, da kwaɗo a waje. Na tsare Dije da tambaya har ta faɗa mini. Tun Safiya na da shekara uku take kulle ta in za ta fita, da burodi da ruwa da fo da talabijin a kunne, don tsoron kada ta fito a kama ta ko mota ta take ta. Shekara biyar ke nan. Ban zage ta ba, ina za ta kai ta? Amma na gane abin da ke gabana. Yarinyar ba ta taɓa zama da wani yaro ba. Duk abin da ke ɗakin da ta sani nata ne, don ba kowa sai ita. Ƙarar sakata kuwa a wurinta tana nufin an tafi an bar ta.

Washegari na buɗe ƙofar aji na tokare ta da dutse. Na shimfiɗa wa Safiya tabarma a bakin ƙofar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na ce mata duk lokacin da ta so fita ta fita, duk lokacin da ta so dawowa ta dawo, kada dai ta wuce kantin kan kwana. Na je na roƙi mai kantin, wani Bayamale, ya riƙa sa mini ido. Sati uku tana fita. Ta zauna minti biyar ta tashi, ta sauka bene, ta taɓa bangon lungu, ta tsaya kallon kyanwa, ta dawo. Ni kuma ina koyarwa ido ɗaya a allo ɗaya a ƙofa, ina lissafa tsawon lokacin da take yi. A sati na huɗu ta zauna har aka gama darasi, don ina ba da labari ne kuma tana so ta ji ƙarshensa. Ke Sumayya da kike cewa a saki yaro, ga yadda sakin yake. Sai kin san iyakar lungu, kin san wa zai duba miki, kin kuma tanadi abin da zai sa ya dawo da ƙafarsa. Wanda ya saki yaro ya tafi harkarsa ba 'yanci ya ba shi ba, yar da shi ya yi.

Buɗaɗɗiyar ƙofa kuwa ta jawo mini abin da na san za ta jawo. Karatun yara ya riƙa fita har titi. Wata ranar Laraba bayan la'asar sai ga mata bakwai, iyayen yara, da Alhaji Buhari a gabansu. Shi ne mai gidan da nake haya, Bahaushe ne amma ɗan ƙasa tun daga kakansa, dattijon da lungu duka ke jin maganarsa. Matan suka ce ƙofar nan za ta sa a zo a kwashe musu 'ya'ya, ga kuma ɓarauniya na cinye musu abinci. Ko ta tafi, ko nasu su tafi. Tsoronsu gaskiya ne, na kuma gaya musu haka. Na ce zan rage murya, zan raba ajin biyu, zan sa labule mai kauri, amma ba zan sa sakata ba, ba kuma zan kore ta ba.

Alhaji ya gyara tsayuwa ya ce, "Rabi, ke yarinya ce. Hali zanen dutse ne. Irin waɗannan da shi ake haifarsu, uwa 'yar aikatau, uba ba a san inda yake ba. Ko kin shekara goma a kanta, wanke-wanke za ta ƙare. Don me za ki ƙona rumbu saboda ɓera ɗaya?"

Na ce, "Baba Alhaji, da girmanka. Amma a ɗauki jikanka na cikinka a kulle shi shekara biyar shi kaɗai, a fito da shi, sannan ka zo ka nuna mini zanen dutsen. Ni ban ga hali a yarinyar nan ba tukuna, kwaɗo na gani. In ma wanke-wanken za ta yi, za ta yi shi tana karanta abin da ke jikin kwalbar."

Ya ce in nemi wani ɗaki kafin ƙarshen wata. Yara tara aka janye a ranar. Na koma wani ɗaki a saman bene, mai rufin kwano, inda zafi ke narkar da alli a hannu. Huɗu daga cikin taran sun dawo daga baya, biyar ba su dawo ba, kuma biyu a cikinsu har suka girma ba su iya rubuta sunansu ba. Ina gaya muku wannan ne don kada ku ɗauka tsayawa kan gaskiya kyauta ne. Waɗannan biyun suna wuyana, na sani. Da za a mayar da ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Satar kuwa ba ta tsaya don na yi jawabi ba. Na gwada dabarar da kowa ke yabo, na ba ta makullin kabad na ce ita ce mai tsaro. Ta kwashe alli duka. Na gwada nasiha da ayoyi, ta saurara da kyau ta sace fensir a hanyar fita. Abin da ya yi aiki gwangwanin alewa ne. Na rubuta sunanta a jiki, na sa fensir ɗaya da ƙwallon dabino goma, na sanar a aji cewa wannan na Safiya ne, ba mai taɓawa, har ni. Kwana huɗu tana kwana da shi. Rana ta biyar wata yarinya ta ɗauke fensirin. Safiya ta zo gabana ta nuna mini gwangwanin ba fensir. Na ce to, yanzu kin ji abin da suke ji. Na dakatar da darasi na ce da ajin, ni ba zan yanke hukunci ba, ku za ku zauna tare, ku faɗi dokar da kowa zai iya ɗauka a kansa. Suka yi ta gardama har azahar. Masu cewa a yi duka suka janye da aka tuna musu cewa su ma dokar za ta hau kansu. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa wanda ya ɗauki abin wani ba izini zai mayar a gaban kowa ya kuma share aji. Na rubuta a kwali, kowa ya dangwala yatsa da tawada.

Safiya ta yi shara sau shida a watan farko, sau biyu a na biyu. Wata rana ina sauri na zari fensir daga gwangwaninta na yi maki. Ta ɗaga hannu ta ce, da Larabcin talabijin ɗinta, malama ta karya doka. Na mayar da fensirin, na ɗauki tsintsiya na share ɗakin tas suna kallo. Daga ranar ba ta sake ɗaukar ko tsinke ba. Ba farar takarda ba ce ita, ba kuma mala'ika ba. Mutum ce mai son a yi mata adalci, kuma sai da ta ga dokar ta hau babba kafin ta yarda doka ce.

Bayan nan karatu ya zo mata kamar ruwa ya samu gangare. Tambaya kuwa har ta gundure ni. Don me ake rubuta wannan daga dama wancan daga hagu, wa ya ce, ina dalili. Ban taɓa ce mata ta yi shiru ba. In ban sani ba in ce ban sani ba, mu nema. Tana da shekara goma sha biyar na ba ta ƙananan yara, ta fara daga reza da fensir kamar kowa.

Muguwar shekara ita ce shekarar rusau. Kun gan ta da idonku, amma ba ku gan ta daga cikin aji ba. Da safe aka wayi gari da jan fenti a bangaye, yaran ajina ne suka riƙa karanta wa iyayensu cewa a tashi ake nufi. Cikin 'yan makonni lungun da na sani tun haihuwa ya watse. Wasu suka nufi unguwar Mahjar, wasu Waziriyya, wasu Makka. Mai takarda ya samu ɗaki, marar takarda duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai a ce ina iƙama. Aji na yara talatin ya koma huɗu. Na ɗora allona a bayan wata ƙaramar motar kaya na kawo shi nan Waziriyya, ya ƙi hawa matakala, sai da aka raba shi biyu da zarto. Wata biyar ban da aji. Sai na sa ƙwallon dabino da alli a jaka na riƙa bin yaran gida-gida, bas biyu zuwa Mahjar, in koyar da yaro ɗaya a tsakar ɗakin da iyali uku suka cunkushe, in fito in nemi na gaba. Mutane suka ce Abla Rabi ki haƙura, zamanin ya wuce. Na ce yaran mutuwa suka yi? Ƙaura suka yi, ni ma na ƙaura.

A cikin wannan hali Dije ta zo ta ce ta gaji. Gwiwoyinta sun mutu, ɗaki ya gagara, za ta miƙa kanta tarhil, inda ake tara masu komawa gida, a mayar da ita Maraɗi. Ban yi mata musu ba. Amma Safiya, da take da shekara goma sha bakwai, na riga na gama shirya mata komai. Za ta zauna a ɗakina, ta koyar tare da ni, in na tsufa ta gaji ajin. Mijina ya yarda, Dije ta yarda har da hawayen godiya. Safiya kaɗai ce ban tambaya ba, don ban ga abin tambaya ba.

Ta same ni ina ɗinke littattafai ta ce ita za ta bi uwarta. Na ce ba ta taɓa ganin Maraɗi ba, Hausarta a karye take, za a yi mata dariya a kira ta 'yar Makka, ba ta jin Faransanci ko kalma. Ta bi maganganuna ɗaya bayan ɗaya tana amsawa a natse, yadda na koya mata. Hausa za ta gyaru, Faransanci za a koya, dariya ba ta kisa. Da na ga dalilaina sun ƙare sai na ɗaga murya na ce shekara tara na yi a kanta, na rasa ɗaki saboda ita, yanzu za ta sa ƙafa ta tafi.

Ta ce, "Abla, in na zauna, duk abin da na iya a ɓoye zan yi shi har in mutu. Can ko ba komai zan samu takarda mai sunana, in tsaya a gaban aji in ɗaga murya. Kin ce kada in karɓi magana don babba ne ya faɗa, sai na ga dalili. Na duba naki, na duba nawa. Ki yafe mini, nawa ya fi."

Kwana uku ban yi mata magana ba. A na huɗu na tashi na haɗa mata jaka, na sa rabin allina, na raka su har inda ake tsayar da masu rakiya. Wannan shi ne abin da ba a gaya muku a jami'a, kuma shi ya fi komai wuya a sana'ar nan. In kika koya wa mutum ya yi tunani da kansa, ke ce ta farko da zai ce wa a'a. In ba za ki iya haɗiye wannan ba, ki je ki koyar da aku.

Yanzu tana can. Ta sha dariyar, ta sha zazzaɓi, ta binne uwarta a shekara ta biyu. Ta koyi Faransancin a makarantar manya, ta samu takardarta. A wata rumfa take tara yaran da aka mayar daga nan, waɗanda aka sauke a ƙasar iyayensu ba su jin komai sai Larabci. A watan da ya wuce ta turo mini saƙon murya mai tsawon minti goma sha ɗaya. Gaisuwa minti ɗaya, sauran goman duk gyara ne. Wai yadda nake koyar da haruffa a jere kuskure ne, don masu kama da juna suna zuwa a tare su rikita yaro, ɗigo sama ɗigo ƙasa. Ita ta raba su nesa da juna, kuma kowane yaro da haruffan sunansa yake farawa, don su ne ba zai yarda ya manta ba. Ta ce in gwada kafin in yi musu.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ware yara shida sababbi na gwada a kansu. Abin da nake yi a wata uku, sun yi shi a sati biyar. Na tura mata cewa ta yi gaskiya, hanyarta ta fi tawa. Ta amso a taƙaice ta ce, "Na sani, Abla."

To, hanyarta za ku koya, ba tawa ba. Gobe ƙarfe bakwai ku zo, kowacce ta ci abinci kafin ta fito, don a tsaye za ku wuni. Yalla, ku tashi ku taya ni kwashe tabarmin nan.